Yadda Na Sauke Sunan Albasar Kwaɗi

A danginmu idan aka laƙa maka suna, to da shi za a kai ka makwanci. Ina da gwaggo mai jikoki cike da tsakar gida, amma har yau da sunan da ta samo ranar da ta faɗa tukunyar koko ake kiranta. Shi ya sa hankalina ya tashi da taubashina, ɗan wannan gwaggon, ya raɗa mini nawa.

Miya ce ta jawo. Na je musu hutu Hayin Banki na ce a bar mini girki. Ni dai na san na zuba komai, amma ko kyanwar gidan da ta sansana sai ta koma gidan maƙwabta da zama. Ya ɗanɗana, ya dube ni daga ɗaurin ɗankwali har ƙafa.

"Albasar kwaɗi ke nan," in ji shi. "Ga kai, ga ganye, amma ba ta shiga miya."

Taubashi ba a fushi da shi, haka al'ada ta ce. Na yi dariyar yaƙe. Kafin na dawo gidanmu a Unguwar Dosa sunan ya riga ni isowa, ina jin a keke ya zo. Ƙannena suka ɗauka, mai kantin layinmu ya ɗauka. Ga shi yayata ta kusa haihuwa, kuma ranar suna duk dangi za su taru. Idan sunan ya shiga bakin gwaggonni, tawa ta ƙare.

Na ce bari in fara sanin abin da aka zage ni da shi. Na sami kakata tana gyaran goro.

"Kaka, wai mene ne albasar kwaɗi?"

"Ke ce mana."

"Don Allah Kaka!"

Sai da ta gama dariya ta ce wata ciyawa ce mai kai kamar albasa. Bahaushe, in ji ta, idan ya ga abu ya yi kama da abincinsa amma ba ya ciyuwa, sai ya bai wa dabba kyauta, kamar yadda ya bai wa kura gauta, ya bai wa awaki gyaɗa. Ita wannan a wurin da ruwa ke kwanciya take fitowa, kwaɗi su zauna gindinta suna ta ƙara, sai aka ce tasu ce.

Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ce su gadali suke ce wa irinta, har shuka ta suke yi kusa da garke. Maƙwabciyarmu 'yar kudancin Kaduna, ma'aikaciyar jinya, ta ce, "Ai lili ce, 'yata! Da ita muke ƙawata coci a ƙauyenmu." Na tsaya. Coci ake ƙawatawa da ni? Ashe abin fure yake yi, kuma babu wanda ya gaya mini.

Ran Asabar na maƙale wa Baba zuwa gonarsa a Rigachikun. An yi ruwan fari ke nan. Wani dattijo mai gona kusa da tamu ya nuna mini ita a bakin fadama, ya ce su hatsin manoma suke kiranta, domin ita ke fara fitar da kai kafin kowane hatsi, manomi na ganinta ya san lokacin ɗaukar fartanya ya yi. Na tono guda uku har da ƙasarsu, na zuba a tsohon bokitin fenti.

Na yi renon bokitin nan fiye da yadda yayata ta yi renon ciki. Ta haihu, tsirona ma ya fitar da kara mai dogon toho a rufe. Ranar suna ta zo, toho shiru. Na roƙe shi, na yi masa fifita, na yi masa barazanar akuya. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Ina jin taubashina yana jera kujeru yana shela: "Ina Albasar Kwaɗi? A hana ta kusantar tukunya!" Gwaggonni suka fara tambaya, "Wa ke nan?"

Rana ta yi sanyi na leƙa bayan ɗaki. Wallahi ya buɗe! Fari fat, kamar an wanke shi da bula, ga ƙamshi da ya kori na turaren maijego. Na ɗora bokitin a ka na ratsa taron mata, na dire shi gaban Kaka.

"Jama'a, ga albasar kwaɗi," na ce. "A kalle ta da kyau."

Aka yi caa. Wannan ta sansana, waccan ta ce a ba ta iri. Wata tsohuwa ta dafa ƙirji ta ce rabonta da hatsin manoma tun tana budurwa. Taubashina ya matso yana cewa ai duk da haka ba ta shiga miya, ai kai ne kawai, ai kaza ai kaza.

Na juya wurin Kaka. "Kaka, wa kika ce yana zama gindinta yana ta ƙara?"

Kaka ta dube shi a tsugune gefen bokiti, baki buɗe. Ta ajiye goronta.

"Kwaɗo," in ji ta.

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Kawo. Uwarsa ce ma ta fi kowa, har da riƙe ciki. Jaririn ya sami suna da safe, taubashina ya sami nasa da yamma. Ni yanzu Kaka Hatsin Manoma take ce mini, sauran dangi sun koma sunana na yanka. Shi kuwa jiya na kira shi a waya, ƙaninsa ya ɗauka, na ji yana ƙwala kira: "Yaya Kwaɗo, ana nemanka!" Kuma ya amsa.