Uwar da Muka Yi wa Kifaye

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba ni da taubashina muka kafa kamfanin kiwon kifi a Kutemeshi. Shi ne manaja, ni ne mataimakin manaja, mu ne kuma leburori. Malamin gona ne ya ɗora mu a hanya: ya tsaya shan fura, ya ce a Kudu ana kiwon kifi kamar kaji, ya hau kekensa ya tafi bai ƙara ko harafi ba.

Fili muka rasa. Taubashina ya je ya durƙusa gaban surukinsa, wani tsoho mai fadamar rake wanda tun zamanin Turawa ba a ga haƙorinsa ba. Tsohon ya ce, "Na ara muku. In rani ya yi ban ga kifi ba, ku cike raminku ku dasa mini rakena."

Muka haƙa ramin da in ka faɗa ciki sai an aika maka da guzuri. Muka sayo 'ya'yan tarwaɗa cike da tulu wajen masunta. A nan taubashina ya kawo hikimarsa.

"Kai, ɗan ƙauye," in ji shi, "ka taɓa ganin 'yan tsaki ba kaza? Marayu ne fa waɗannan. Uwa za mu samo musu."

"Ranka ya daɗe manaja, ashe kan nan naka ba na ɗaukar hula ba ne kawai."

Muka samo wata ƙatuwar tarwaɗa mai gashin baki kamar na sajan ɗin 'yan doka, muka saka ta ta yi reno. Damina guda muna shiga daji muna fasa shuri, muna kwaso gara, muna haɗawa da dusa. Kullum uwar ta taso ta yi mana hamma, taubashina ya ce, "Ka gani? Yaran sun yi barci, ita ke gadi."

Ranar yasar ramin, gari ya taru da kwanduna, har daga Kazage. Aka shimfiɗa wa tsoho buzu. Muka kwashe ruwa, muka tattake laka har gwiwa. Kifi ɗaya. Ta cinye marayun kaf, ta yi ƙibar da sai da ƙarti huɗu suka kama ta, na biyar yana ba ta haƙuri.

Taubashina ya cire hula ya durƙusa. "Baba, gobe za mu fara cikewa."

Tsoho ya dubi kifin, ya dubi surukinsa, sai kafaɗunsa suka soma rawa. Dariya ce. Ya yi ta har rawaninsa ya warware, mata suna salati sun ɗauka ciwo ne.

"Kada wanda ya cike mini ramin nan," ya ce yana share hawaye. "Ku ƙara shekara. Amma ranar yasa a kira ni."

Muka sayo sababbin 'ya'yan tarwaɗa, muka haƙa rami na biyu don raba manya da ƙanana, sai na uku don matsakaita. Tsoron tarwaɗa ne ya faɗaɗa kamfaninmu, har daga baya muka kai ga loda banda a mota daga Birnin Gwari zuwa Kaduna.

Da rani ya zagayo, kwanduna suka cika maƙil. Tsoho ya leƙa, ya tsuke fuska, ya ce fadamar tamu ce har abada, ya naɗe buzunsa.

"Kun ɓata wasan," in ji shi.