Naman da Ban Tauna Mata Ba

'Yata tana da wata goma aka yi Babbar Sallah, muka taso daga Rigasa zuwa gidan mahaifiyata a Kurmin Mashi. A lokacin daga ni sai mijina muka san ina ɗauke da ƙanjamau. Ina shan magani, an kuma gwada yarinyar, ba ta da shi.

Dasashina ne ya hana ni sakat. Ko buroshi mai taushi na sa, sai na tofar da kumfa ja. Asuwaki kuwa tuni na haƙura da shi. Wata nas a asibiti ta taɓa riƙe min hannu ta ce, "Ki ji ni da kyau. Da wannan bakin, kada ki kuskura ki tauna wa yarinya abinci." Na ce to, ban yi tunanin gidanmu ba, inda kowane yaro daga bakin uwarsa yake fara sanin ɗanɗanon nama.

Muna zaune a tsakar gida, ƙannena mata sun kewaye kaskon suya, sai yarinyar ta fara miƙa hannu. Inna ta zaɓo tsoka mai laushi ta ba ni.

"Tauna mata mana, kina kallo yawunta na zuba."

Wallahi ban san lokacin da na jefa naman a baki ba. Sabo ne. Na tauna, na ƙara taunawa, sai na ji ɗanɗanon jini ya gauraye da na yaji. Ga yarinyar a cinyata ta wangale baki, 'yan haƙoranta biyu a waje, ga Inna ta zuba min ido. In na tofar, za a ga jan, kuma Inna ba ta barin tambaya a rabi. Na ji tsoron da ban ji ba ko ranar da aka faɗa min sakamakon gwaji.

Na haɗiye.

Yarinyar ta fashe da kuka, ƙannena suka fashe da dariya. Inna ta ɗauke ta daga cinyata tana cewa, "Yau na ga uwar da ke cinye rabon 'yarta. Zo nan, uwarki marowaciya ce."

Ta tauna wani, ta sa mata a baki da yatsa. Ni ma na taya su dariyar.

Bana yarinyar ta shiga firamare, lafiyarta ƙalau. Duk Sallah sai an ba ta labarin rowar uwarta, har ta fara ba da shi da kanta.