Barewar da Baba Ya Tsaga wa Kunne

Ƙasar tana amsa sunan Dahome a lokacin, ni kuma ina aji biyu na kwaleji a Paraku. Gidanmu a unguwar Ganu yake, Baba dillalin shanu ne a kara. Wata ranar kasuwa ya dawo da 'yar barewa a naɗe cikin rigarsa. Wani Bafulatani abokin cinikinsa ne ya tsince ta a daji, an harbe uwar.

Akuyarmu ce ta shayar da ita, ba da son ranta ba, don ni nake danne mata ƙafa. Da barewar ta yi ƙwari sai Baba ya ɗauko aska ya yi mata tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar da ke jikin kowace dabbarsa. A wurinsa magana ta ƙare, mai wannan shaida tasa ce ko a gaban alƙali.

Har yau ina jin ƙas-ƙas ɗin kofatonta a simintin zaure. Kullum sai ta raka ni bakin titi. Ta taɓa cinye mini rabin littafin Faransanci, na sha bulala wurin malami a lakwal, na dawo na zage ta tas tana lasar hannuna.

Sai ga ma'aikacin gandun daji da takarda. Baba ajami kawai yake karantawa, aka kira ni. Takardar ta ce ba a ajiye naman daji a gida cikin gari sai da izini, ko mu fitar da ita ko a zo a ɗauke ta. Izinin kuwa sai Kotonu, kuma ba mu san wanda ya taɓa samu ba.

Baba ya kamo kunnen ya ce, "Uwata, gaya masa ya duba nan."

Na ce, "Baba, takardar ba ta san kunne ba. Tsaga ba ta mai da ita akuya ba."

A gaban baƙo na faɗa. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

A rana ta huɗu ya ce in shirya, mu kai barewar wurin kakata a ƙauyen Bariyenu, kusa da daji. Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, a tashar Gar zuwa Jugu, hanyar ƙauyen, na rufe mata fuska da ɗankwalina, tana ta rawar jiki a cinyata har muka isa. Kaka ta ƙi ɗaure ta. Tana fita kiwo da awaki, kullum tana ƙara nisa, da damina ta faɗi ba ta dawo ba. Na yi kuka, na ce shi ke nan, maharba sun samu nama.

Da na je hutu shekarar da ta zagayo, wani maharbin ƙauyen ya zo gaida Kaka. Ya ce ya ga barewar cikin garke a bakin rafi, har ya ɗaga bindiga, sai ya hango tsaga biyu. Ya sauke, don ba ya harbin dabbar mutane.

Na kai wa Baba labarin yana alwala. Ya gama wanke ƙafarsa a tsanake, sannan ya ce, "To, uwata, ashe akwai masu karanta kunne."

Ni da ba na barin magana ta faɗi ƙasa, ranar sai kawai na ɗauke masa buta.