Sawun Wushirya a Jikin Batir

Da rana tsaka na fara ganin ta. Wata ƴar farar wuta ce, ba ta kai ƙwayar wake ba, tana ci a kan teburin wani mai gyaran rediyo a bayan layin masu dabino, cikin kasuwar Tamanrasset. Ba wayar lantarki, ba komai, sai batir ɗaya tal, shi ma takardar jikinsa ta koɗe. Ina ɗauke da kwanon abincin Yayana, na tsaya kallo har miya ta huce.

Watana huɗu ke nan da zuwa daga Damagaram. Aurena ya mutu, Yaya ya aika a kawo ni in riƙa taya shi tsaron shago, inda yake sayar da tocila da batir da sabulu da ganyen shayi. Rabin akwatina tufafi ne, rabi littattafan soyayya na Kano. A cikinsu duk wani babban al'amari da haɗuwar ido yake farawa, don haka kafin mai gyaran ya ɗago kai na riga na rubuta mana babi uku a zuciyata.

Ya ɗago. Gemunsa duk furfura, tabaransa ɗaure da zare.

"Baiwar Allah, kin tare mini haske. Saye za ki yi ko kallo?"

Babi ukun suka rushe nan take. Amma ban tafi ba. Na ce, "Malam, wannan batir ai matacce ne."

"Wa ya yi masa salla? Tocila ce ta raina shi. Akwai saura a cikinsa, ba ta iya ɗebowa ne kawai."

Mutumin Kano ne, ya zo da niyyar wucewa arewa ya ƙetare teku, hanya ta ƙi, ya kafa tebur yana jira. Tun daga ranar, duk sanda na kai abinci sai na ratsa ta wurinsa. Da ya ga littafi a hannuna ya sa mini suna ƴar littafi, ya ce idan yatsuna sun iya buɗe shafi, sun iya naɗa waya.

Abin ba shi da yawa. Ana fasa gindin mataccen ƙwan lantarki mai murɗe, a ciro wani ɗan zobe baƙi. A haɗa siraran wayoyi biyu a naɗe shi da su. Sai taransista, ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da ake cirowa daga tsohuwar rediyo, da wani mai kama da ƙwayar shinkafa mai zane-zane, da ɗan ƙwan tocila fari. Ƙwan nan batir biyu masu rai yake nema kafin ya kama, amma ta cikin zoben, ɗaya mai gajiya ya ishe shi. Malam ya ce in tuna rijiyar da ruwanta ya ja baya: guga ba ya nutsewa, amma idan ka bi da ɗan ƙoƙo kana tarawa, sai ka cika shi ka watsa gaba ɗaya. Haka zoben yake tarawa yana watsawa, da saurin da ido ba ya gani.

Ranar da fitilata ta farko ta kama, na yi kuka. Malam ya ce in matsa kar in jiƙa masa dalma.

Na fara yin su cikin gwangwanin tumatir, ina jerawa a kusurwar shagon Yaya. Batir ba wahala, don masu saye sukan bar tsofaffinsu a wani kwali, Yaya ya ce in kwashe, shara ce. Masu lambu daga ƙauyen Outoul suka fara ɗauka don leƙa rijiya da ɗakin injin ban ruwa. Wata Buzuwa dattijuwa daga Silet, mai jin Hausa kamar ni, ta ɗauki huɗu don ƴaƴanta masu kiwo. Karon farko a rayuwata ke nan da aka zo nemana saboda abin da hannuna ya yi.

Bayan sati uku ta dawo. Da hantsi ne, maza biyar suna zaune a ƙofar shago suna shan shayi. Ta zazzage jakar fatarta a gaban kowa. Fitilun huɗu sun mutu. Wani farin gari kamar kanwa ya tsiro a cikinsu, ya cinye wayoyin, ya ɓata mata jaka.

"Ƴata," ta ce, "wuta na saya ko gishiri?"

Maza suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce wa Yaya, "Alhaji, ashe yanzu har gawa kuke sayarwa?"

Yaya mutum ne mai tsaron sunansa. Fuskarsa ta haɗe. Bai ko jira su tashi ba ya ce, "Na gaji da wannan shirme. Littattafan nan ne suka ɓata miki kai. Ranar Juma'a akwai motar Agadas, ki haɗa kayanki, ki koma wurin Gwaggo a Damagaram."

Na san abin da komawa take nufi: zaman ɗaki, da mata masu zuwa su tausaya mini. Na tattara gwangwanayen cikin mayafina na nufi teburin Malam. A littafi, nan ne namiji zai miƙe ya ce ba mai taɓa ki. Malam ko kallona bai yi ba.

"Kin duba gawar? Wanke ki duba. Nawa ba su taɓa yoyo ba."

Na sa tsumma na goge batir ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kowane yana da lotsawa a ciki, kuma daga nan ruwan ya fito. Malam ya shafa da babban yatsa ya yi tsaki.

"Cizo ne. Ku dai ba kwa barin batir ya mutu da mutuncinsa."

Gaskiya ya faɗa. Tun ina yarinya haka muke yi. Rediyo ta fara shaƙewa, a ciro batir a gartsa masa haƙori, a shanya a rana, a mayar, ta ƙara magana na ɗan lokaci. Ba wanda ya taɓa ganin laifin hakan, don bayan kwana ɗaya jefarwa ake yi. Amma fitilata tana tsotsar batir har bangonsa ya yi siriri, sai ya fashe ta inda aka ciza. Malam shi yana tsince masu lafiya ne tun kafin su hau teburinsa, bai taɓa tunanin sai ya faɗa mini ba.

Ina juya ɗaya a hannuna sai na lura. Sawun haƙori biyu ne, da fili mai faɗi a tsakaninsu. Na duba na biyu, haka. Na uku, na huɗu, haka. Mutum ɗaya na sani a Tamanrasset mai wushiryar da tsinken sakace yake wucewa a kwance.

Na koma shago, shayi na zagaye na uku, Buzuwar tana zaune tana jirana. Na ajiye gwangwanayen a ƙasa, na jera batir huɗun a kan tiren shayi. Na ɗauko sabon sabulu daga kanta na miƙa.

"Yaya, don Allah ciza."

"Ke, kin haukace?"

"To yi murmushi kawai, ya isa."

Wanda ya yi maganar gawa ya ɗauki ɗaya ya duba, ya dubi bakin Yaya, ya faɗi gefe yana dariya. "Alhaji, sa hannunka ne wannan! Ko dowan na kan iyaka ba su da hatimi irin wannan!"

Yaya ya rufe baki da hannu. Ya ce ai gwadawa yake yi a rediyonsa kafin ya zuba mini, kar a yi asarar mai sauran rai. Ya ce wane Bahaushe ne bai taɓa cizon batir ba?

"Ba wanda bai taɓa ba," na ce. "Ni ma na ciza. Amma aikina ba ƙarya ba ne, kuma ba littafi ne ya fasa su ba. Motar Juma'a ta tafi lafiya. Ni ina nan. Idan kusurwar shagonka ta yi maka tsada, zan shimfiɗa buhu a bakin hanya."

Ban sunkuyar da kai ba. Ban taɓa yi wa Yaya magana haka ba. Buzuwar ta ture mini gwangwanayen da ƙafa ta ce, "Gyara mini su, ƴata. Ni ma tsohona cizo yake yi, haƙori ne dai ba shi da su."

Yaya bai ce in zauna ba, bai kuma sake zancen mota ba. Juma'a ta zo ta wuce. Na fitar da batir daga cikin gwangwani, na yi masa gida a waje da guntun tiyo, ko ya yi yoyo ba zai taɓa zoben ba. Duk mai saye kuma sai na faɗa masa da bakina: wanda aka ciza ba ya shiga fitilata. Har yau wasu suna kirana mai hana cizo. Ina amsawa.

Malam bai taɓa wucewa arewa ba. Shekaru suka tafi, idonsa ya raunana har ya daina ganin ƙafafun taransista, sai ya koma gida. Teburin da nake aiki a kai yanzu nasa ne, ya bar mini shi ba tare da wata kalma mai daɗi ba, sai dai ya ce ƙafar hagu tana rawa, in sa mata dutse. Bara wani direba ya ce ya gan shi a Kano, zaune a ƙofar gidansa, ba ya gani ko kaɗan. Maƙwabta suna kawo masa tsofaffin batir, ƴarsa tana naɗa zobe. Shi kuma yana shafa kowane da babban yatsa, idan ya ji sawun haƙori sai ya wurga wa mai shi abinsa.