Takardar da na cika wa Hauwa

Yau Laraba, shekara shida ke nan da na cika wa Hauwa, 'yar ƙanena, takardar fasfo da hannuna. Wata Hajiya ce ta ce za ta kai ta aikin gida a ƙasar waje, har ta yi Umara. Ni ne ɗan bokon gidanmu, ni aka kira.

Ɗazu maƙwabcina daga Tarai ya shigo da irin takardar nan.

"Malam, cika wa 'yata Binta. Hajiya ta dawo, har dabino ta raba mana."

Na ce, "Alhaji, ina Hauwa?"

"Haba Malam, ita rabonta ne bai yi kyau ba."

Rabo! Sau ɗaya yarinyar nan ta kira tana kuka, ta ce an ƙwace fasfonta, an kulle ta, maza ake shigo mata da su. Duk garin nan an sani, amma dabino ya rufe bakin kowa.

Na mayar masa da takardarsa, ya tafi neman wani mai biro.

Jama'a, ku faɗa mini, me zan ce masa ya ji? Mu dai har yau Hauwa ba ta dawo ba.