Haƙoran Wakili Cikin Wuri

Duk ranar da ruwan Sentul, unguwar da nake zaune a nan ƙasar waje, ya tsare ni a rumfar mai shayi da suke kira mamak, titi ya koma kogin da kada zai iya yin hijira a ciki, Iya Ladi nake tunawa. Kakata ce, ba ta kai tsawon taɓarya ba, amma muryarta kan kashe fitila daga zaure. Bayan isha'i mukan kewaye murhunta, gyaɗa na fashewa a toka.

"Ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ta taka shi," in ji ta. "Kai mijin banza, rufe baki kar ƙuda ya tare a ciki." Ni ne mijin.

Labarin Tanko mai gadin kasuwa muka fi so. Wai lokacin da aka soke wuri aka kawo kwabo mai huji, Wakilin kasuwa ya ƙara masa aiki: da dare gadi, da rana dakon buhunan wurin da mutane suka kawo canji, zuwa ramin da ake binne su. Tun shuka har girbi yana yi, fatar bayansa ta saɓule. In ya yi zancen lada, Wakili ya ce, "Za ka ga alheri."

Ranar ƙarshe, ga sababbin kwabbai na ƙyalli a faranti, Wakili ya nuna buhun da ya rage. "Ga ladanka, Tanko, buhu guda cur." Wuri ne, wanda ko mai ƙosai ta daina karɓa.

A nan Iya take miƙewa da muciya. Tanko ya kama wuyan buhun ya juya shi sama. Dukan farko ya yi gaba da rawanin Wakili. Na biyu ya sami Wakili a baki, buhu ya fashe, haƙora suka zube cikin wuri, fari cikin fari. Wakili na rarrafe, jini na bin gemunsa, yana tsintar wuri yana gwadawa a dadashi.

Sai 'yan doka suka iso. Suka karya hannun Tanko na dama da kulki, suka ɗaure shi a turken mahauta, suka yi ta tsula masa bulala har ta tsinke. Daga baya Wakili ya aiko da kwabban, don babu ɗan dakon da ya ƙara yarda ya taɓa masa kaya. Da hagu Tanko ya karɓa. Hannun daman bai sake miƙewa ba.

Mukan ɓarke da tafi, ni kuwa in sha muciya a ƙeya. "Me kake wa tafi, shashasha? Ya sayar da hannu a kan abin da baki zai saya masa tun ranar farko. Tambaya ɗaya ce: da wane kuɗi?"

Lokacin ban gane ba. Ni haƙoran kawai nake so.

Sai da aka canza takardun naira, ina nan ina tsare wa wani Alhaji kedai, wato kanti, a unguwar Wangsa Maju. Ya ce bayan an tashi in bi ɗakunan ɗalibai 'yan ƙasarmu, hawa sama da ƙasa, in tattaro tsofaffin takardun da suka taho da su, a aika gida kafin wa'adi.

"Za ka ga alheri," in ji shi.

Wallahi ƙeyata sai da ta yi zafi.

"Ranka ya daɗe, da wane kuɗi? Ringit ɗin ƙasar nan ko tsohuwar naira?"

Hannunsa, wanda ya riga ya nufi jakar tsofaffin takardun, ya tsaya, ya koma aljihu a hankali.

"Kai, Malam Sabo, ka cika tsiya. Ringit mana."

"Rabi yanzu, Alhaji."

Ya biya yana dariya, haƙorin Makkansa na walƙiya. Na daɗe ina kallon haƙorin nan. Bai san abin da Iya Ladi ta yi masa ba. Hannayena biyu kuma, alhamdulillahi, da su nake riƙe kofin shayin nan.