Gasar Samaru da Ruwan Rakiya

Ban taɓa mantawa da ranar da na yanke hukuncin da ya kayar da 'yar shagonmu a gaban jama'a ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayan waya ta shiga aljihun kowa, sai na ɗan yi muku bayani tukuna.

Wajajen 2008 ne, ina shekarata ta biyu a wani kafe na intanet a Samaru, tsallaken titi daga jami'a. Mai shagon, Alhaji Garba, mutumin Dogarawa ne, yana kuma da wani reshen a Sabon Gari. A tsarinmu akwai manaja, akwai mai buga takardu, sai ni Bulus, mai kula da kwamfutoci. Guda huɗu na can ƙuryar shago an ware su don wasa, ni ne kuma na dage da roƙo har aka ware su. Alhaji bai so ba. A ganinsa wasa ba ya jawo komai sai hayaniya.

Wasan da ya fi tashe a ƙuryar nan na faɗan dodanni ne. Kowane ɗan wasa yana da dodo shida, amma ɗaya yake fitarwa fili a lokaci guda, kuma ba ka sanin abin da abokin karawarka ya ɓoye sai ya fito da shi. A kowane zagaye ku biyun za ku zaɓi abin yi, ko duka ko canjin dodo, wanda dodonsa ya fi sauri shi ke fara bugu. Wanda nasa shida suka fara ƙarewa ya sha kaye.

Gwanar shagonmu wata ɗaliba ce mai karatun noma, sunanta Rakiya. Ita kaɗai ce mace a ƙuryar, ba ta da surutu, kullum da ƙaramin littafi tana rubuce-rubuce. Ƙungiyar dodanninta ta ruwan sama ce. Tana da wani dodo da ta laƙaba wa suna Kwaɗo, aikinsa ya kira ruwa, ruwan kuma zagaye biyar yake yi ya ɗauke. Sai babban mayaƙinta, Tarwaɗa. In babu ruwa Tarwaɗa ba wani abu ba ne, amma da an fara ruwa saurinsa yana ninkawa, dukansa ya ƙara nauyi. Ita ta koya mini lissafin: zagaye ɗaya ya tafi wajen kiran ruwa, ɗaya wajen janye Kwaɗo a shigo da Tarwaɗa, saura uku. A cikin ukun nan ake cin wasa ko a rasa shi.

Da labarinta ya kai Sabon Gari, 'yan wasan wancan reshen suka ce sai an kara. Gwaninsu Sande, mai walda ne a Chikaji, mutum mai dariya da ƙarfi. Shi kuma da rana yake wasa. Yana da dodon wuta, Garwashi, wanda in ya kira rana, nan take ruwa ke ɗaukewa.

Na je wurin Alhaji neman izinin shirya gasa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Bulus, na yarda. Amma in aka yi mini rigima a shago, kwamfutocin nan huɗu za su koma buga takardu, kai ma ka bi su." Na ce, "Na ji, Alhaji."

Saboda haka na zauna na rubuta dokoki a takarda guda. Kowa ya rubuta dodanninsa shida ya ba ni a rufe, babu canji bayan nan. Ɗan kallo ba ya ba da shawara. Doka ta huɗu ta ce in wuta ta ɗauke ana tsakar wasa, a sake daga farko. Kowane ɗan wasa ya sa hannu, na liƙa takardar a bango.

Ranar Asabar bayan azahar 'yan Sabon Gari suka cika bas suka zo. Aka yi ta fafatawa, kafin la'asar saura mutum biyu, Rakiya da Sande. Shi kansa Alhaji ya zo, ya sa kujera a bakin ƙofa.

Sande bai taɓa ganin wasanta ba, domin duk lokacin da take wasa shi ma yana kan nasa. Ta fito da Kwaɗo, ya kira ruwa, ta shigo da Tarwaɗa. Kafin Sande ya gane abin da ke faruwa, dodanninsa uku sun faɗi, ita kuwa ko ɗaya ba ta rasa ba. Ɗalibai suka fara tafi. A daidai lokacin wuta ta ɗauke, kwamfutocin suka mutu baki ɗaya.

Kafin in tada janareta in dawo, shago ya kaure. 'Yan Samaru na cewa ai ta riga ta ci, 'yan Sabon Gari na nuna takardar bango. Manajanmu ya ja ni gefe ya ce, "Kai ma ka ga wasan da idonka. Ka ba ta kawai, nan gidanmu ne." Gaskiya raina ya so hakan. Na san sake wasa ba daidai yake da na farko ba, domin duk ƙarfinta a ɓoye yake, yanzu kuma Sande ya gani. Na dubi Alhaji ko zai fitar da ni. Ya ce, "Ni ban san wasan nan ba. Kai ka rubuta takardar."

Na tsaya a tsakiya na ce za a sake daga farko, kamar yadda kowa ya sa hannu. Wani ɗalibi ya ce na sayar da shagonmu. Rakiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Oga Bulus, ka san ya riga ya ga Tarwaɗa."

"Na sani, Malama Rakiya."

"To shi ke nan," in ji ta, ta juya ga kwamfutarta.

Abin da ta yi a wasa na biyu har yau ina ba da labarinsa. Ta san Sande jira yake ta kira ruwa ya fito da Garwashi ya ɓata mata shi. Sai ta ƙi fitar da Kwaɗo. Ta yi ta turo sauran dodanninta, tana ci ana cinta, har ya zama saura mata biyu, shi saura huɗu. Sannan ta fito da Kwaɗo. Sande ya yi dariya, ya yi maza ya shigo da Garwashi. Amma Kwaɗo bai kira ruwa ba. Dukan ruwa ya kai, ya sami Garwashi yana shigowa, ya faɗi nan take. Dariyar Sande ta tsaya. Ya dafe kai ya ce, "Yarinyar nan ta yaudare ni!"

Yanzu babu mai hana ruwa. Kwaɗo ya kira shi, Tarwaɗa ya shigo, zagaye uku, dodanni uku. Na farko ya faɗi. Na biyu dodon ciyawa ne mai jure ruwa, ta buge shi da ƙanƙara, ya rage da ɗan rai kaɗan, dole ta ƙara masa bugu. Wannan zagaye guda da ya ci mata shi ne komai. Ruwa ya ɗauke, saurin Tarwaɗa ya koma yadda yake, dodon Sande na ƙarshe ya riga shi bugu. Kwaɗo, wanda ya riga ya jigata, bai jure duka ɗaya ba. Sande ya ci.

Ba a yi rigima ba. 'Yan Sabon Gari suka tafi suna murna, namu suka watse babu mai yi mini magana. Alhaji ya tashi daga kujerarsa, abin da kawai ya ce mini shi ne in kashe janareta.

Sati biyu Rakiya ba ta leƙo ba. Kullum in na share kujerarta sai in ji ba daɗi, ina tunanin na kori mutuniyar kirki saboda layi ɗaya da na rubuta da hannuna. Ranar Litinin ta uku sai ga ta da littafinta. Ta gaishe ni, ta ce, "Na ji haushinka ƙwarai. Amma na zauna na duba, laifin ƙungiyata ne. Mai kiran ruwa ɗaya bai isa ba." Ta cire wa Tarwaɗa duka guda daga cikin huɗun da ya iya, ta koya masa kiran ruwa da kansa. Ya rasa makami ɗaya, amma ya daina ɓata zagaye wajen jiran Kwaɗo.

A satin ne kuma Sande ya zo Samaru da kayan aikinsa a jiki, ya ce shi dai ya san ba don ɗaukewar wuta ba da an gama da shi, yana so ta nuna masa yadda ake ƙirga zagaye. Ya ƙara da cewa mutanensa sun yarda a riƙa yin gasar a Samaru duk wata, muddin ni ne alƙali. Da na kai wa Alhaji wannan magana, bai ce komai a kan rufe ƙuryar ba. Washegari ya aiko da batirin da ke riƙe wuta guda biyu, ya ce a haɗa wa kwamfutocin gasa. A gasar wata na gaba Rakiya ta cinye Sande da dodanni uku a tsaye, shi ya fara tashi ya tafa mata.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, a aikinmu mutane suna yafe maka ɗaukewar wuta da lalacewar inji, amma ba sa dawowa wurin da suka ga an lanƙwasa doka don na gida. Na kuma gane cewa kwastoma na gaske yana iya yin fushi da kai ya dawo, in ya tabbata abin da ka yi masa shi za ka yi wa kowa. Don haka in kun rubuta ƙa'ida kun liƙa a bango, ku karanta ta da kyau tun kafin a fara, domin wata rana a kan wanda kuka fi so za ta faɗa.